Sukudireba da racet 'yan Japan: wanne za ka fara saye, kuma yaya za ka gane mai kyau

Ni dai sana'ata gyaran injin ban ruwa da mashin nan Argungu, kuma duk wanda ya san garinga ya san da rani ya kama anka shiga noman shinkafa cikin fadama to ba mu da sauran lokacin kanmu, injina ne ake ta kawowa daga Augie daga Gulma, wani lokacin ma ɗaukarka za a yi bisa mashin a kai ka har bakin gona ka gyara can cikin laka. Kusan duk injin da zai shigo hannuna ko dai Honda GX160 ne ko kuma ɗan Chana da anka kwaikwayo daga gare shi, mashina ma haka, da yawansu tsarin Honda CG125 ne anka bi aka sake suna. Motocin hanya kuwa kowa na gani, Toyota ce da Honda sunka cika ko'ina. Wato kusan duk abin da muke kwancewa ko ɗan Japan ne ko jikan ɗan Japan, amma kayan aikin da ke cikin akwatinmu ba mu taɓa tsayawa munka tambayi ko don waɗannan notuna anka ƙera su ba. Abin da ya sa nike wanga rubutu ke nan, saboda yara masu koyo da yawa na tambayata wai oga in na samu 'yan kuɗi mi zan fara saye, kuma kusan kowa racet yake ambata, wato hannun nan mai haƙora a ciki da ake ɗora ma soket a kwance noti, don shi ne mai ƙara mai sheƙi. Ni kuwa amsata kullum ɗaya ce, sukudireba tukuna.

Bari in faɗi dalili. Duk bakaniken da ya daɗe da hannu cikin mai ya san baƙin cikin sukurun kafireto, waɗannan ƙananan da ke riƙe da kofin mai na ƙasa, ko kuma guda biyun nan na murfin tulun man birki bisa kan mashin mai birkin faranti. Ka sa sita, wato sukudireba mai bakin gicciye, ka murɗa sai ka ji ta yi tsalle ta fito, ka ƙara dannawa ta ƙara fitowa, kafin ka ankara kan sukurun ya cinye ya zama rami zagaye, daga nan sai cizil da guduma, kuma kafireto ba ƙarfen da ke son duka ba ne. Lokacin da nike yaron shago na taɓa fasa ma wani dattijo kunnen kafireto ta haka, ranan maigidana bai ko zage ni ba, cewa kawai ya yi kai ɗan nan ka ga manomin ga yau ba zai sha ma shinkafarshi ruwa ba. Har yau maganar na raina. Shekara da shekaru ina ɗauka ko hannuna ne ko kuma sukurun ne mai taushi, ashe bakin sukudirebar ne ba na ramin ba.

Ga yadda abin yake. Sitar da muka saba da ita sunanta Phillips, daga Amurka ta fito wajen shekarun 1930. Su kuma Japanawa suna da nasu ma'aunin ƙere-ƙere da ake kira JIS, kuma sukurun gicciye nasu in ka duba da ido ɗaya suke da na Phillips, amma can cikin ramin akwai bambanci. Kusurwoyin ramin JIS a tsaye suke masu kaifi, shi kuwa bakin Phillips tsakanin fukafukan nan huɗu an ɗan lanƙwasa shi ya yi kauri, to in ka sa Phillips cikin ramin JIS ba ta sauka har ƙasa, kaurin nan na tokare ta, sai ya zama gefen sama kaɗai ta kama, kana murɗawa tana hawowa tana gwaguyar ƙarfen. Sukudirebar Japan kuwa na zama daram cikin ramin JIS, kuma abin daɗin shi ne in ka sa ta cikin sukurun Phillips ma tana kamawa da kyau, don haka wanda ya saye ta bai yi asarar komi ba ta kowane ɓangare. In kana son ganewa ka ɗauki sukurun kafireton Keihin ko Mikuni ka goge kanshi, sau da yawa za ka ga wani ɗan ɗigo guda an buga gefen gicciyen, to wanga sukurun Japan ne. Ba dukansu ke da ɗigon ba, kada ka ce in babu ɗigo to shi ke nan, ni dai in na'urar 'yar Japan ce sukudirebar Japan nike ɗauka ba tambaya.

Gwajin da nike nuna ma yarana mai sauƙi ne kuma kai ma ka yi shi gaban mai shago kafin ka biya. Ka tafi da sukurun kafireto lafiyayye cikin aljihu. Ka ɗora shi bakin sukudirebar ka ɗan danna, sannan ka karkatar da ita ta kwanta, mai kyau za ta riƙe sukurun ba zai faɗi ba ko da babu maganaɗisu, kuma in ka kama sukurun da yatsa ka girgiza ba za ka ji yana rawa ba. Wadda ba ta dace ba nan take za ka ji ƙwas ƙwas, sukurun na lilo. Wanga gwaji ya fi duk rubutun da ke jikin kwali.

Sai maganar lamba, don rabin sukurun da ke cinyewa ma ba laifin Phillips ba ne, ƙaramar lamba anka sa ma babban rami. Sita na da lamba 1, 2 da 3, akwai kuma 0 da 00 na masu gyaran waya da agogo. Lamba 2 ita ce uwar aiki, sukuru mai kaurin milimita 3 zuwa 5 galibi ita ce tashi. In ya kai milimita 6 ko 8 to lamba 3 yake so, irin waɗanda ke riƙe da farantin birkin motocin Honda da na murfin injin tsofaffin mashina. Lamba 2 na shiga ramin lamba 3, shi ya sa mutane ke ruɗuwa, tana shiga amma ba ta cika shi ba. Ka riƙa fara gwada babbar, in ta ƙi shiga sannan ka sauko.

To wane kamfani? In sukudireba ce ni Vessel nike cewa kai tsaye. Kamfanin Osaka ne tun 1916 kuma wanga aiki shi ne abincinsu. Suna da kala-kala amma uku zuwa huɗu ya kamata ka sani. Akwai mai lamba 220 mai ƙotar hannu zagaye kamar ƙwallo, tana cika tafin hannu kana danna ta da tsakiyar tafi, sandarta siririya ce, masu wayarin da gyaran fanka da rediyo sun fi jin daɗinta, ni ma ita nike sa ma sukurun suwic da fitilar mashin. Amma in hannunka ya jiƙe da baƙin mai ko sukurun ya ciza sosai, Megadora ta fi ta, ita ce 900, hannunta dogo mai kauri mai roba, kuma bakinta na da wasu 'yan ƙananan zane da ke cizon cikin ramin. In guda ɗaya tak za ka iya saye a duniya to Megadora 900 lamba 2 mai tsawon milimita 100 ko 150, ka fara da ita. Sai 930, ita ma Megadora ce amma ƙarfenta ya ratsa hannun har ya fito baya, an yi ta ne don a buga da guduma. Ka kiyaye, wagga ba ta aikin wuta ba ce ko kaɗan, tunda ƙarfen da ke taɓa waya shi ne ke cikin tafinka, kada ka kusanci janareto mai aiki da ita. Ta huɗun ita ce 980 da suke kira Impacta, zan zo kanta.

KTC ma na yin sukudireba masu kyau har da masu hannun itace, kuma kada ka raina hannun itace, cikin mai ya fi roba mai santsi riƙo. Anex da Sunflag su ma 'yan Japan ne na gaskiya, Anex sun fi shahara wajen ƙananan bakuna da masu shiga lungu, Hozan kuma masu gyaran keke da lantarki sun san su. In ka ci karo da ɗaya cikinsu cikin kayan gwanjo bakinta lafiya lau, ɗauka. Amma in saye za ka aika a yi maka daga Kano ko Legas, ka ce Vessel, ta fi sauƙin samu kuma kuɗinta bai kai na sauran kayan Japan tsada ba.

Yanzu yadda ake murɗawa, don kayan kirki hannun da bai iya ba ɓarna ce. Masu ƙera su da kansu suna koyar da cewa ƙarfinka ka kasa shi goma, bakwai dannawa uku murɗawa. Yawancinmu akasin haka muke yi. Kafin ma ka sa sukudireba ka ɗauki allura ko tsinken waya ka ƙwaƙule ramin, injin da ya kwana fadama ramin sukurunshi cike yake da busasshiyar laka, ko wace irin sukudireba ka sa ba za ta sauka ba. Ka ɗiga mishi ɗan man sassauta tsatsa in kana da shi, in babu ko kananzir ne, ka ba shi lokaci ka je ka yi wani aikin. Sannan ka tsayar da sukudirebar sak bisa sukurun ba a karkace ba, kafireton kuma kada ka riƙe shi a iska da hannu guda, ka aza shi bisa katako ka hau kanshi da nauyin kafaɗarka. In ka murɗa ka ji ta yi tsalle sau ɗaya, tsaya nan. Kada ka sake gwadawa da fushi, tsalle na biyu da na uku su ke kashe sukuru.

Nan ne 930 ke shigowa, ka kafa ta ka ba ta guduma sau biyu uku ba da hauka ba, bugun na zaunar da bakin kuma yana karya tsatsar da ta kama zaren. In ya ƙi sai Impacta, ita cikin hannunta akwai wata dabara, duk bugu ɗaya bakin na juyawa digiri 12 ta hagu wato wajen kwancewa, a daidai lokacin da guduma ta danna shi ciki, don haka ba ta da damar fitowa. Ga sukurun murfin inji da na farantin birki abin sai wanda ya gani. Akwai kuma babbar mai kauri ta ƙarfe zalla da ake canza ma baki, Vessel na da 2500, Koken na da tasu da suke kira Attack Driver, waɗannan sun fi Impacta ƙarfi nesa, sai dai ƙarfin nasu ya yi ma kafireto da tulun birki yawa, alminiyon ne zai fashe. Ni na raba musu aiki, jikin inji babba, abu mai laushi kuwa Impacta da ƙaramar guduma kuma sai na tallafe bayan wurin da katako.

In kuma an riga an kawo maka shi a cinye, wanda shi ne kullum, akwai wata filaya ta kamfanin Engineer na Osaka, Neji-saurus, lambar da ta fi yawo PZ-58. Filayar da muka sani haƙoranta a kwance suke, ita wagga bakinta na da haƙora a tsaye da ɗan rami, sai ta cafke kan sukurun daga sama ka murɗe shi. Matuƙar kan ya ɗan fito waje za ta kama. Wanda ya nutse cikin ƙarfe ne ba ta iyawa.

Filat, wato sukudireba mai shimfiɗaɗɗen baki, ba zan daɗe kanta ba, abu ɗaya ne, faɗinta da kaurinta su cika tsagar. Jet ɗin GX160, wato 'yar sukurun nan mai huda da mai ke bi cikin kafireto, tagulla ce kuma can cikin rami take, in ka sa siririya za ta ɓare bakin, in ka sa mai faɗin kafaɗa za ta ci zaren ramin. Ka ware mata filat guda wadda ta shige daidai, ka ɓoye ta, kada kowa ya ɓamɓare murfin fenti da ita.

Mu zo ga soket, kuma da gangan na sa shi gaban racet, don soket ne ke taɓa noti, racet hannu ne kawai. Injin Japan lambobinshi sanannu ne, 8, 10, 12, 14, 17, 19. Bol mai kaurin milimita 8 a wurinsu kanshi 12 ne, a motar Turai irin Fijo 13 ne, mai milimita 10 a wurinsu 14 ne. Shi ya sa babban akwatin nan mai soket arba'in da ake ruɗin yara da shi rabinshi har ya yi tsatsa ba ka taɓa shi ba. Ka sayi shidan nan masu kyau, ka ƙara 21 in kana taɓa tayar Toyota, ka ƙara dogaye na 10 da 12 saboda notin da bol ɗinshi ya fito da tsawo kamar biyun nan na kafireton GX160. Na fulogi kuma uku ne, 16 na ƙananan mashina masu fulogi lamba C7HSA, 18 na masu D8EA irin CG125, sai 21 na injin ban ruwa mai BPR6ES. Kuma ka ɗauki mai kusurwa shida, ba mai goma sha biyu ba. Mai goma sha biyu na da saurin shiga amma tsinin noti yake kamawa, notin da ya sha ruwan gulbi ya yi tsatsa kuwa tsinin ne ke fara mutuwa.

A soket Koken ne gaba a wurina. Kamfani ne da ke Kakegawa cikin Shizuoka tun 1946, kuma su ba su baza kansu ko'ina ba, soket da hannuwanshi su ne sana'arsu. Abin da za ka lura da shi shi ne in ka ɗora soket ɗinsu bisa noti ba ya rawa, in ka ɗora shi bisa racet ma haka. Suna da wanda suke kira Surface Drive mai kama gefen noti maimakon tsini, yana ceton notin da ya fara mulmulewa, da kuma Nut Grip mai 'yan ƙwallaye ciki da ke riƙe notin kada ya faɗa, wanda ya taɓa neman notin 10 cikin ruwan gona ya san darajar wanga. Jerin Z-EAL nasu kuma gajeru ne sirara don shiga matsi. KTC na bin su kusa da kusa, su ma cikin soket ɗinsu an sassaƙe kusurwoyi don kada ya ci tsini, kuma lambar da ke jiki manya ce tana karantuwa, abin da ke da amfani in magariba ta yi kana aiki da tocilan waya. Tone ma ba baya ba, musamman manyan lambobi na tirela da tarakta. Wani abu, farin soket mai sheƙi na hannu ne, in kana da bindigar iska baƙin soket ake sa mata, farin na iya tsagewa ya watso maka.

To yanzu racet. Farko girman bakin, uku ne, 6.35 da 9.5 da 12.7 a milimita, su ne muke ce ma kwata da tiri-et da haf. Mai gyaran mashin da injin ban ruwa 9.5 ce tashi, tana ɗaukar 8 har 19 ba matsala. Mai gyaran mota zai buƙaci 12.7 don ƙafa da ƙasan mota. Na ga yara da yawa sun fara da haf don tana da girma, sai su riƙa tsinke bol ɗin 10 da ita saboda dogon hannu ba ya bari ka ji lokacin da bol ya ƙoshi.

Sai haƙori, inda ake yawan cin kuɗin mutane. Lissafin a fili yake, zagaye digiri 360 ne sai ka raba da yawan haƙora. Mai 24 sai ka kaɗa hannu digiri 15 kafin ta kama na gaba, mai 36 digiri 10, mai 72 digiri 5, mai 90 digiri 4. In wurin matsattse ne hannu ba ya samun filin kaɗawa, yawan haƙori na taimako ba shakka. Amma akwai abin da ba a rubutawa jikin kwali kuma a aikinmu ya fi haƙori muhimmanci, shi ne nauyin komawa baya. Ka san in noti ya sassauto amma bai kai ka kwance da yatsa ba, kana kaɗa racet gaba da baya notin na bin ka yana dawowa, ba ƙara ba ci gaba, dole ka sa ɗayan hannun ka riƙe soket. To wanga na faruwa ne in sifirin ɗin cikin racet ya yi tauri. Gwajinshi, ka riƙe hannun racet ka kama bakin da yatsa biyu ka juya shi ta wajen da yake ƙara, in yana tafiya sululu kamar ba komi to ita ce, in sai ka matse yatsu to za ta wahalshe ka ko haƙoranta ɗari ne.

A wanga gwaji ban taɓa riƙe wadda ta kai Koken ba. Tsohuwarsu 3753 haƙori 24 ne kacal amma laushin komawarta ya sa ta fi masu 72 da yawa daɗin aiki, kuma manyan haƙora ba su cika damuwa da ƙura ba, abin da ya dace da mu da ke aiki cikin hunturu ƙura na shiga har cikin kunne. Ta Z-EAL, 3725Z, kanta ƙarami ne siriri, ta fara fitowa da haƙori 36 daga baya sunka yi mai 72, ita ma laushin nan na nan. Abin da wasu ba su so gare ta shi ne hannun ɗan gajere ne kuma ba ta da nauyi, wanda ya saba da ƙaton ƙarfe sai ya ga kamar ba za ta jure ba, alhali tana jurewa in an yi mata aikin racet.

KTC kamfanin Kyoto ne tun 1950, sun daɗe suna yi ma Toyota kayan aikin da ake sakowa cikin mota, kuma racet ɗinsu BR3E mai haƙori 36 irin jakin aikin nan ne, ba kwalliya, akwai maɓalli a bayan kai da sai ka danna soket ke fita, don haka soket ba ya zarewa ya faɗa cikin inji, kuma da hannu mai maiƙo ma kana cire shi cikin sauƙi. In shago ne mai yara uku huɗu kowa na ɗauka, ita nike ba shawara. Nepros kuwa ita ce babbar 'yar gidan KTC, sun fito da jerin a 1995, racet ɗinsu NBR390 haƙori 90 ne, an goge ta tana ɗaukar ido kamar madubi, in ka riƙe ta za ka san an yi aiki, ƙararta ma daban ce. Na taɓa aiki da ta wani abokina da ke gyaran injin jirgin ruwa Yamaha a Yauri kuma gaskiya ta burge ni, amma kuɗinta zai saya maka Vessel uku da soket shida har da canji, kuma santsin gogen nan cikin baƙin mai sai ka riƙa share hannu. Wanda Allah ya hore ma ya saya, mai farawa kuwa ba nan zai fara ba. Tone tasu RH3H haƙori 72 ce da maɓallin sakin soket, kanta bai da kauri, kuɗinta da dama-dama, komawarta ta fi ta Koken nauyi kaɗan amma ba abin da zai hana ka aiki. In kana son yawan haƙori aljihu kuma bai kai ba, ita ce tsakiya.

Ko wacce ka saya, racet ba ta fasa noti. Wanga shi ne abin da ke kashe su a garejojinmu, a zura mata fayif a hau da ƙafa, ko a buga mata guduma, haƙoran ciki ƙanana ne ba a yi su don haka ba. Ka samu tsayayyen hannu wanda ba ya ƙara, dogo, shi ke fasa notin, in ya motsa sannan racet ta karɓa. Wajen ɗaurewa ma haka, ta kai shi ya zauna, ƙarshen ƙarfin a ba tsayayye. Kuma maɓallin juya hagu da dama ka tabbatar ya faɗa gefe ɗaya sosai kafin ka ja, in ya tsaya tsakiya rabin haƙori ya kama, nan take zai ɓare kuma yatsunka ne za su daki inji.

Saura maganar jabu, don duk abin da ya yi suna sai an yi mishi. Rubuta Japan jikin ƙarfe ba wuya gare shi ba. Na asali rubutunshi a nutse yake tsaf, harafi bai hau harafi ba, akwai sunan kamfani da lambar kaya, ka sa lambar a Google ka ga ko hoton da ya fito shi ne abin da ke hannunka. Leƙa cikin soket, na kirki cikinshi sumul ne, jabu za ka ga ƙurajen ƙarfe da farin fenti na ɓarewa. In an ce maka sabuwar Nepros ce da kuɗin da bai kai na buhun siminti ba, ajiye musu abinsu. Ka sani kuma wasu kayan kamfanonin Japan ɗin da kansu a Taiwan ko wata ƙasa ake ƙera musu, wanga ba jabu ba ne, kwalin zai faɗa maka. Ni yawancin nawa na hannu ne, cikin tarkacen da ke zuwa da injinan tokumbo na tsinto su ɗaya ɗaya, wasu a Ƙofar Ruwa Kano wasu wani ƙanena ya aiko min daga kasuwar Ladipo ta Legas. In za ka sayi ta hannu, sukudireba bakin kaɗai za ka duba, in fukafukan sun yi sheƙi sun lanƙwashe ko sun murɗe gefe guda ta gama aiki, bar ta ko kyauta ce. Racet kuma ka sa mata soket ka kafa bisa wani ɗaurarren noti ka ja da ƙarfi ta hagu da ta dama, wuri daban-daban har ka zagaye, in ta zame ko sau ɗaya akwai haƙorin da ya mutu.

Ita ma mai zamewar in Koken ce ko KTC kada ka yi saurin yar da ita, sau da yawa busasshen giris ne da ƙura sunka hana harshen ciki faɗawa. Ka shimfiɗa farin ƙyalle ka kwance murfin a hankali, don akwai ɗan sifirin da ke tsalle ya ɓace, ka wanke komi da kananzir ka duba haƙoran. In lafiya suke sai ka mayar, ka ɗiga mai mara kauri ɗigo uku huɗu. Kada ka cusa mata giris ɗin bearin mai kauri, musamman masu 72 da 90, yana cika tsakanin haƙora ya sa ta zame, kuma yana kama ƙura. In haƙorin ya ɓare ne, kamfanonin nan na sayar da kayan cikin daban, giya mai haƙora da harshe da sifirin cikin 'yar leda guda, sai ka ba mai kawo maka kaya lambar racet ɗin ya nemo. Ni tawa duk ƙarshen hunturu nike buɗe ta in wanke, sai kuma duk ranan da ta faɗa ruwan gona, ranan ba ta kwana ban buɗe ta ba.